Binciken Turai ko namu na gida: wanne zai yi wa ƙugun Basakkwace magani?

Ostiyofati, wato gyaran ciwon baya da gaɓoɓi da hannu, Andrew Taylor Still ne ya assasa shi a Amurka a 1874, Ingila kuma ta yi masa doka a 1993. Mai son kawo shi Sakkwato hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko, ya kwaso binciken can yadda yake. Ba wahala, ba kashe kuɗi. Sai dai takardar tambayoyinsu cewa take majinyaci ya zaɓi lambar ciwonsa daga 0 zuwa 10. Gwada wa dattijon Dange wannan, "Alhamdu lillahi, da sauƙi" zai ce maka, alhali ruku'u ma ya gagare shi.

Ta biyu na fi so, ko da yake tana cin lokaci. A zauna a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tambayi mutum da Hausa: Baba, kana iya sujada? Kana iya duƙawa shukar albasa? A rubuta matan da suka fasa zuwa don namiji ne zai taɓa su. Masu ɗori ma a ji ta bakinsu, tunda wajensu ake fara zuwa, kuma galibi ba a rubuta wanda ya warke da wanda ƙafarsa ta kumbura.