Miƙaƙƙiyar rola ko mai ciki: wacce ke fitar da falle daidai?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, wanda ke koyon aiki a masana'antar murza ƙarfe, ya ce ya ga ana goge sabuwar rola ana barin tsakiyarta ta ɗan fi bakinta kauri. Tambayarsa: ba aibi ba ne wannan? Ashe ba miƙaƙƙiyar rola ce ta dace ta ba da falle mai kauri ɗaya ba?

Malam, a ido haka ne. Amma rola ba ta zama a miƙe idan ta kama ƙarfe. A bakinta biyu kawai take zaune kan boris, nauyin kuma a tsakiya yake, daidai da azarar da aka ɗora wa ƙasar rufi: komai ƙwarinta sai ta ɗan lanƙwasa. Miƙaƙƙiyar rola idan ta lanƙwasa, ratar da ƙarfen ke bi tsakaninta da 'yar'uwarta ta fi buɗewa a tsakiya. Sai falle ya fito da kauri a tsakiya, gefe kuma ya sirance. Gefen da aka fi matsewa ya fi tsawo, tsakiya ta riƙe shi, ba shi da wurin zuwa sai ya yi ta kumbo kamar bakin zane. Ita kuwa tsakiyar jan ta ake yi, idan ƙarfen ba mai haƙuri ba ne sai ka ga tsaga a jere a tsakiyar fallen.

Mai ciki dabara ce ta riga-kafi. Ana ba ta ɗan tudu tun wajen gugar, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, yadda idan nauyi ya danne ta fuskar da ke taɓa ƙarfe za ta dawo a miƙe. Sai dai tudun nan an yanka shi ne don faɗi ɗaya da nauyi ɗaya. Ka sa mata falle maras faɗi ko ka rage matsi, cikin ya yi yawa, sai matsalar ta juya: tsakiya ta yi kumbo, gefe ya tsage. Ga kuma zafi, wanda kan kumbura tsakiyar rola fiye da bakinta bayan an jima ana aiki, ya ƙara mata wani cikin da ba ka nema ba. Wannan shi ya sa fallen safiya da na azahar kan bambanta a inji ɗaya.

A ganina idan fallen mai faɗi ne, mai ciki ta fi, babu ja. Miƙaƙƙiya tana da wurinta a ƙarfe maras faɗi da rola mai kauri. Kaurin ba wasa ba ne: ka rage shi rabi, lanƙwasa ta ninka kusan sau 16. Siririyar rola tana buƙatar ƙarfi kaɗan domin wurin da take taɓawa ƙarami ne, amma sai an goya ta, wato a tokare bayanta da wasu rolar don kada ta lanƙwasa. Injin da ke ɗauke da sunan Tadeusz Sendzimir ɗan ƙasar Poland, rola 20 gare shi, biyu ne kacal ke taɓa ƙarfen, sauran 18 goyo suke yi. Kamfanin SMS na Jamus kuma a shekarun 1980 ya fito da CVC, rola mai siffar kwalbar lemo, a jera biyu kai da gindi. Idan aka zame ɗaya hagu ɗaya dama, sai cikin ya ƙaru ko ya ragu ba tare da an sauke rola ba.

Ka duba ma wane inji kake tsaye a gabansa. Masana'antun Katsina, Jos da Osogbo da aka buɗe farkon shekarun 1980 rodi da waya aka gina su su yi, kuma rolar rodi kwalbatai ake yanka mata, wato ramukan da ƙarfen ke bi, ɗaya mai siffar ƙwai ɗaya zagayayye, bi da bi. A irin wannan rola abin tsoro shi ne kusurwar kwalbatin. Idan an bar ta da kaifi, nan matsi ke taruwa, nan tsaga ke farawa har rola ta karye. Don haka kafin ka tambayi mai gugar maganar ciki, sa farce a gindin kwalbatin ka ji ko an zagaye shi.