Bas ta fara tsiya tun ba a yi wata ba: a mayar wa dila ko a riƙe?

Kwana goma sha ɗaya da sayen motar, ɗan yayata ya kira ni daga wajen Maraban Jos, a hanyar Kaduna zuwa Zariya, murya na rawa. "Kawu, allurar zafi ta kai ƙarshe, ruwa sai tafasa yake a lagireto." Hiace ce 'yar Kwatano, ya haɗa kuɗin gado da na adashi ya saya don kai katan-katan na lemo shagunan Rigachikun da Jaji. Na ce masa ya kashe ta, ya bari ta huce, kuma ko wane ne ya zo da sifana a hannu ya ba shi haƙuri. Wannan ta ƙarshen ita ce ya fi jin haushinta, domin a ganinsa gyara yake nema, ni kuma ina hana shi.

Dalilina shi ne, ranar da wani bakanike ya kwance injin ba da sanin wanda ya sayar maka ba, ranar ka rufe wa kanka ƙofar mayarwa. Dila ba zai wahalar da kansa ba, cewa kawai zai yi, "Alhaji, lafiya lau na ba ka ita, mutanenka ne suka ɓata." Kuma ba ka da bakin musu. Saboda haka kafin a zo batun riƙewa ko mayarwa, ka ɗauki bidiyon dashbod da allurar a sama, ka ɗauki hayaƙin salansa, ka tura wa dilan ta WhatsApp a ranar, don kwanan wata ya zauna. Sannan a ja motar zuwa wurin bakaniken da ku duka kuka yarda da shi, yaron dila na tsaye a duba.

Wannan ba dabarar 'yan boko ba ce kawai. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya ga tsohon aibi, wato wanda yake jikin kayan tun kafin ciniki, ba a nuna masa ba, kuma irin wanda ke rage daraja. Amma idan ya gani ya ci gaba da moron abin, an ɗauka ya yarda. Malaman da suka yi bayanin da dabbar hawa suka buga misali, har suka yi wa matafiyi uzuri idan dole ta sa ya hau don ya isa gida. To lallaɓo bas daga Maraban Jos zuwa Kawo a cikin Kaduna wani abu ne, yin mako biyu kana lodi da ita bayan ka san tana da ciwo wani abu ne dabam. Ta ɓangaren gwamnati kuma, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da bai cika inganci ba, a gyara masa, ko a musanya, ko a ba shi kuɗinsa. Sai dai idan an faɗa maka halin da motar take ciki ka sa hannu ka yarda, hujjarka ta yi rauni. Je ka sake karanta 'yar takardar cinikin nan da ka sa wa hannu cikin zumuɗi.

Yanzu ga ainihin tambayar: wane irin ciwo ne? Mota tsohuwa ba amarya ba ce. Wanda ya sayi bas da ta shekara goma sha biyar tana aiki a Turai, ya ce ba zai canza ko bushin ba, bai shirya mallakar mota ba. Batir, fulogi, shokozoba, bel, takalmin birki, famfon mai, ƙwan fitila, yoyon baƙin mai daga murfin sama, duk waɗannan ciwon tsufa ne. Kayan Toyota ba su da wahalar samu a Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna, kuma kowane gareji akwai wanda ya san su. A kan irin waɗannan ban ga dalilin tayar da jijiyar wuya ba. Ka lissafa kuɗin, ka je wa dila da takardar bakanike, ka nemi ragi.

Zafin inji shi ne mai wuyar sha'ani, don yana iya zama ƙaramin abu, yana iya zama mutuwar motar. Lagireto da ya toshe, fanka da ba ta tashi, murfin lagireto da ya saki, famfon ruwa da ya gaji, duk gyaran yini guda ne. Amma idan gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone ko kan silinda ya tsage, magana ta canza. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Da safe, inji na sanyi, buɗe lagireto ka tayar da mota: idan kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar cikin silinda ce ke shiga ruwa. Zaro sandar gwada baƙin mai, idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, da ruwa da ke raguwa kullum alhali ba ka ga inda yake zuba ba, duk labari ɗaya suke bayarwa. Shuɗin hayaƙi kuwa ringin fistan ne ya gaji, injin na shan mai. Wasu masu sayarwa sukan ɗura baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙara da hayaƙi na ɗan lokaci, shi ya sa motar da ta yi shiru ranar ciniki takan fara surutu da zarar ka yi mata juyen mai na farko. Akwai kuma masu cire ƙwan fitilar gargaɗin inji. Gwajin wannan ba ya cin ko sisi: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, wani ya riga ka zuwa wurin.

A nan nake raba hanya. Ciwon da aka ɓoye da gangan, ko da kuɗin gyaransa bai kai ya kawo ba, ni mayarwa nake ba da shawara, domin wanda ya cire ƙwan fitila ba abu ɗaya ya rufe ba. Haka giya mai canza kanta idan tana fizga, ko tana jinkirin shiga bayan mota ta yi zafi, ko manta ya yi baƙi yana warin ƙuna. Masu Sienna da Sharan da ke jigilar Abuja sun san abin da nake nufi: sau da yawa ba a gyara irin wannan giya a zauna lafiya, sai dai a sayo wata, ita ma tsohuwa, ita ma sa'a.

Akwai abu biyu da ba na ko tsayawa ciniki a kansu. Na farko ƙashin motar. Sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasa da tocila. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfensu, sai a shafe tsatsar da baƙin fenti. Idan ka ga walda a jikin shasi, ko taya na cin gefe ɗaya duk da an yi alaimen, ta taɓa yin mummunan hatsari. A haɗa da bas ɗin da aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocin da aka ƙera wa Japan ko Ingila sai an mayar da sitiyarinsu hagu, kuma ba kowane mai juyawa ne ke tsoron Allah ba. Duba ko ƙofar fasinja mai zugewa tana ɓangaren titi maimakon gefen hanya, duba wayoyin ƙarƙashin dashbod ko an yi musu ɗori. Motar da za ta ɗauki rai goma sha huɗu a hanyar Zariya ba wurin gwaji ba ce.

Na biyu takardu. Inji ana sauke shi a ɗora wani, amma takardar kwastan ta bogi ba bakaniken da zai gyara ta. Tun farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da aka shigo da ita ta daji, kwastan na iya ƙwace ta a hannunka ko kai ne mai saye na uku. Gwada lambar shasi, mai harufa da lambobi 17 a yawancin motocin Turai da Amurka, da wadda ke kan takarda, harafi bayan harafi, sannan ka kai ofishin kwastan a tantance. In ba su dace ba, ajiye makulli a teburin dila.

Sai dai mayarwa ita ma ba tuwo ba ce. Yawancin motocin da ke jere a wuraren sayarwa ba na mai wurin ba ne, ajiya aka kawo. Kafin ka dawo, mai mota ya karɓi kuɗinsa, 'yan kamasho uku sun raba la'ada, kowa ya kama gabansa. Abin da za a ce maka shi ne, "Bar ta a nan, in an sayar sai mu ba ka kuɗinka." Wannan ita ce mafi munin yarjejeniya: ba mota, ba kuɗi, rana na dukan fenti. In dole sai haka, a rubuta adadi da ranar biya, shaidu su sa hannu, takardun asali su zauna a wurinka. Ka kuma tuna tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 farashin motoci ya yi tsalle, kuɗin da aka riƙe maka wata huɗu ba lallai su sake sayen irin motar ba. Idan kuma ka riga ka yi mata lamba, ta tashi daga 'yar Kwatano ta koma ta hannu, dila zai ce sai ya zaftare wani abu. Shi ya sa nake cewa kada a yi gaggawar lamba da rubuta "Allah ya isa" ko sunan kamfani a jiki sai an tantance takardu an kuma gwada ta sosai, da kaya a ciki, a cunkoson kasuwa da tsakar rana da kuma doguwar hanya.

Musanya ta fi sauƙin samu, don dila ya fi son kuɗi su zauna a hannunsa. Aibinta kusan kullum sai ka yi ciko, kuma kana zaɓe ne cikin abin da yake da shi kawai. Wadda za a ba ka, ka bincike ta fiye da ta farko. Shi kuwa "kawo mu gyara maka", ina karɓa ne kawai idan a garejin da na zaɓa za a yi, ina ganin kayan da aka sa. In ka bar musu, gam da waya za a ɗaure ta da su har wa'adin ƙorafinka ya wuce.

Wajen neman haƙƙi, a fara da maslaha. Dila ɗan kasuwa ne, sunansa jarinsa, kuma addini ya kwaɗaitar da mai sayarwa ya karɓi kayansa idan mai saye ya yi nadama, abin da malamai ke kira iƙala. Ka je da babba, wanda zai ce "Alhaji, a duba zumunci" a saurare shi. In ya ƙi, akwai shugabannin ƙungiyarsu, sannan hukuma, sannan kotu. Kai maganar caji ofis ba ya cika haifar da ɗa mai ido, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, sai fa in akwai zamba ko takardun jabu.

Shi ɗan yayar tawa, washegari aka ja motar zuwa Panteka, yaron dila na biye a kan babur. Ba kumfa a lagireto, baƙin mai fes, aka auna ƙarfin silinda huɗun aka same su daidai. Lagireton ne ya cushe da laka, famfon ruwa kuma ya fara kuka. Dilan ya ce shi lagireto kawai zai saya, muka ce har da famfon, aka yi ta ja har la'asar, daga ƙarshe ya ɗauki kayan biyu, mu muka biya kuɗin aiki. Da aka ɗaga ta ne bakaniken ya nuna mana an huda tukunyar salansa an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da suke kira indomi. Yaron dila ya rantse shi bai san zancen ba, a haka ta sauko daga tirela.