Kafin ka sayi gem mai araha a intanet, ka san inda kod ɗin ya fito

Duk mai buga gem a kwamfuta ya san wannan halin. Ka shiga Steam, babban shagon sayar da gem a intanet, ka ga gem dala 60, ka leƙa wani shafin ka ga shi ɗin dai dala 25, zuciya ta fara raya maka ai ɗaya ne, tunda kod ne kawai za a turo maka ka liƙa ya buɗe. Hanyoyin saye kusan huɗu ne, kuma tun yanzu zan faɗa, ni ina wajen shagon asali da jiran rangwame.

Hanya ta farko ita ce shagunan asali, irin su Steam, GOG da Epic. Steam na kamfanin Valve ne, rangwamensu babba yana zuwa wajen ƙarshen Yuni da kuma Disamba, ga ƙananu a tsakani, gem ɗin da ya shekara biyu da fitowa sau da yawa za ka same shi rabin kuɗi ko ma ƙasa da haka. Ka sa shi a jerin abubuwan da kake so, ranar da ya sauka za su turo maka imel. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne maido da kuɗi: in ka saya cikin kwana 14 kuma ba ka buga ya kai awa 2 ba, sai ka nemi kuɗinka, ko da dalilin kawai laftof ɗinka ce ta kasa ɗauka. Ga mu masu tsofaffin na'urori wannan ba ƙaramin abu ba ne. GOG kuwa, wanda wani kamfanin ƙasar Folan ya kafa, za ka sauke fayil ɗin gem ka ajiye a kwamfutarka, ba ya neman intanet kafin ya tashi, wanda data ke ba wahala ya san darajar wannan. Epic kuma duk sati suna ba da gem kyauta. Haƙuri kawai ake buƙata, shi ne fa abin da yawancinmu ba mu da shi.

Humble Bundle, Fanatical da Green Man Gaming dillalai ne masu izini, daga hannun masu gem suke karɓo kod, ba ni da matsala da su.

Sai kasuwar bayan fage, irin su G2A, Kinguin da Eneba. Mutane da yawa ba su gane ba, ba shafin ne ke sayar maka ba, rumfa kawai ya ba wa wani da ba ka sani ba. Wani kod ɗin halas ne, an sayo shi lokacin rangwame ko a ƙasar da farashi ke ƙasa. Wani kuma da katin bankin sata aka saye shi, ɓarawon ya yi sauri ya karyar, bayan makonni mai katin ya farga ya kai ƙara banki, bankin ya janye kuɗin daga wajen masu gem har da tara a kai, su kuma su kashe kod ɗin. Ɓarawo ya tsira da kuɗinka, kai ka tashi a tutar babu.

Ni ya faru da ni. Na sayi gem ɗin tsere a wani shafi da ba zan ambata ba, mai sayarwar taurari biyar reras, na kwana biyu ina saukewa da datar dare, na buga kusan sati uku, wata safiya na buɗe sai ga sanarwa wai an cire shi daga akawun ɗina. Na rubuta musu, suka ce in turo hoton allo, na tura, suka ce in jira mai kaya ya amsa, mai kaya kuwa ya rufe shagonsa ya yi gaba. Wallahi datar ta fi kuɗin gem ɗin ciwo.

Kuma ba ni kaɗai ba. A 2015 kamfanin Ubisoft ya kashe kod ɗin gem ɗinsa Far Cry 4 da aka sayo da katunan sata. A 2016 kamfanin tinyBuild ya ce an sayar da kod ɗin gem ɗinsa na kusan dala 450,000 a G2A ba tare da ya ga ko sisi ba. A 2020 G2A da kansa ya amsa cewa kod 198 na Factorio da aka sayar a shafinsa na sata ne, ya biya masu gem ɗin, Wube Software, dala 39,600. Har akwai ƙananan masu haɗa gem da suka fito a 2019 suka ce gara ka sauke na sata kyauta da ka saya a can, don aƙalla ba za a ci su tara ba. Wannan maganar ta tsaya min a rai, mutum ya yi shekaru yana aiki ya kai ga faɗin haka. Mu da muka taso ana ce mana kar a sayi waya a hannun wanda ba shi da rasit, ban ga bambanci ba.

Masu sayar da akawun a WhatsApp da Telegram kuwa, waɗannan kar ma ka fara. Imel ɗin asali na hannunsu, ranar da suka ga dama su canza faswod su sayar wa wani, kuma dama dokar Steam ta hana sayar da akawun, ba inda za ka kai kuka.

Na san uzurin da ake bayarwa, katin naira ya sha ƙin biya a shafukan waje, shi ya tura da yawanmu can. To ko katin kyauta (gift card, wanda ake zuba kuɗi a akawun da shi) za ka saya ka loda, duba kuɗin ƙasar da aka rubuta a jiki ya dace da akawun ɗinka, na PlayStation musamman, katin Amurka ba ya shiga akawun ɗin Ingila. Haka kod ɗin gem, wani an kulle shi ga yanki ɗaya, in mai sayarwa ya ce sai ka kunna VPN (manhajar da ke nuna kamar a wata ƙasa kake) kafin ya buɗe, fita daga shafin kawai. Duk wanda ya ce ka turo faswod ɗinka shi zai shiga ya saka maka da kansa, shi ma haka.