Tayar C, tayar CP ko rim 16: wacce za ta ɗauki lodin motar Alhaji?

Alhaji, ranka shi daɗe. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Don waɗanda ba su gani ba: Alhaji ya sayo Fiat Ducato ɗin nan mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da banɗaki, ƙirar 2012, ta hanyar Kwatano. A cikinta yake kwana idan ya bar Daura zuwa cin kasuwar dabbobi, Charanchi, Maigatari, wani lokaci har Damagaram. Yanzu yana son ƙara mata tankin ruwa na lita 200, manyan batiran sola guda biyu, ƙaramin janareto, da ƙarfen ɗora babur a bayanta. Tayoyin da ta zo da su 215/70 R15CP 109 ne. Mai sayar da taya a Katsina ya ce a sa 225/70 R15C, ƙaninsa da ke Jamus ya ce kada a sa komai sai CP, makanikensa kuma ya ce a watsar da rim 15 a koma 16. Shi ne yake tambayar wa ya fi gaskiya.

Kafin mu je ga gardamarsu, buɗe bonet. A ƙarfen gaba akwai ɗan faranti da aka buga wa lambobin nauyi guda huɗu. Ta farko nauyin motar ne gaba ɗaya da duk abin da ke cikinta, ta biyu idan tana jan wani abu, sai mai alamar 1 ta ƙafafun gaba, mai alamar 2 ta ƙafafun baya. A Ducato mai rim 15 abin da aka saba gani shi ne kilo 3,500, gaba 1,850, baya 2,000. Wannan 2,000 ɗin ita ce maganarmu duka. Lambar 109 da ke jikin tayarka tana nufin kowace taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,030, biyu na baya kilo 2,060 ke nan. Tsakanin iyakar ƙafar baya da iyakar tayar, kilo 60 ne kacal, bai ma kai buhun masara ba.

To lissafa abin da kake son ƙarawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankinka cike kilo 200 ne ban da nauyin tankin. Batirin sola mai 200Ah irin dogayen nan yana kai kilo 60, biyu 120. Janareto mu ce 40. Babur ne mai ha'inci. Boxer ya haura kilo 100, da ƙarfen da mai walda zai haɗa mu ce 130, amma ba 130 ƙafar baya za ta ji ba, saboda yana rataye ne can bayan taya. Idan tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita 4 ne, babur kuma yana mita ɗaya da rabi bayan tayar baya, abin da zai hau ƙafar baya ya kusa kilo 180, gaba kuma ta rasa 50. Duk wanda ya taɓa ɗora buhu a ƙarshen amalanke ya ga hannunta ya ɗaga sama ya san wannan. Ducato kuwa da ƙafafun gaba take ja, idan gabanta ya yi sakayau za ka gane kurenka ranar da ka shiga rairayin bayan Baure.

Saboda haka abu na farko, cika ta da ruwa da mai da kayanka da yaranka kamar za ka yi tafiya, ka kai ta sikelin da ake auna manyan motoci. A auna gaba daban, baya daban. Irin waɗannan motocin ɗaki da yawa tun daga Turai suke zuwa dab da iyakarsu, don an tsayar da su a 3,500 ne saboda nan lasisin ƙaramar mota ya tsaya a can, katako da firji da gado kuwa sun riga sun cinye mafi yawan rarar.

Yanzu shawarar mai taya, 225/70 R15C 112/110. Harafin C alamar tayar motocin haya da na kaya ce, irin wadda ke ƙarƙashin Hiace. Lambobi biyun nan suna rikita mutane: ta farko idan taya ɗaya ce a kowane gefe, ta biyu idan tagwaye ne. Taka ɗaya-ɗaya ce, don haka 112 ce taka, kilo 1,120, biyu 2,240. Tana hawa rim ɗin da kake da shi ba sai ka sayi komai ba. Tsayinta milimita 696 ne, na yanzu 682, bambancin kashi 2 cikin ɗari, ba abin da za ka ji a giya. Babban abin da nake so da ita shi ne samuwa. Idan ta fashe maka a hanya, in ba a samu a Katsina ba za a samo a Kano kafin yamma. Aibinta, an yi ta ne don motar da ke yawo kullum, a yi lodi a sauke, ba don wadda za ta yi wata biyu a tsaye da nauyi a kanta ba.

Nan ne ƙaninka yake da gaskiya. CP an ƙera ta musamman don motocin ɗaki, Michelin na da Agilis Camping, Continental na da VancoCamper. Gefenta ya fi ƙarfi, tana jure doguwar tsayuwa, tana kuma jure nauyin da ya karkata gefe ɗaya, abin da ba ya rabuwa da irin motarka tunda banɗaki da tanki ba a tsakiya suke ba. Amma ga abin da mutane ba su lura da shi: 225/70 R15CP ita ma 112 ce. Kilo 1,120 ɗin nan dai, ba ƙari ko ɗaya. Abin da CP ta fi C juriya ce, ba yawan kaya ba. Kuma tana da sharaɗi, ana so tayoyin baya su sha iska har geji 80, wato bar 5.5. Bawul ɗin roba na yau da kullum ba a yi shi don wannan iska ba, sai na ƙarfe. A geji 80 kuma mota ta zama kamar doki mai taurin baya: a titunan Jamus ba komai, amma a burji mai gargada kofunan da ke kabad za su yi ta kiɗa, kusoshin kafinta su fara saki. Sannan a ina za ka same ta? Sabuwa sai an yi oda, wadda ake gani a kasuwa yawanci tokumbo ce da aka ciro daga wata motar irin taka.

Tokumbon nan bari in tsaya a kanta, don ta taɓa ni. Tayar motar ɗaki ba ta suɗewa, tsufa take yi. Bature ya fita da ita hutu sau biyu a shekara, sauran watanni tana ajiye, sai ka ga zanenta raɗau kamar jiya aka yi ta alhali robar ta bushe. Na taɓa sayen irinta guda biyu wa bas ɗina don na ga zane, ban duba komai ba. A watan Afrilu, da azahar, kafin in kai Mashi ta baya ta tashi kamar an harba bindiga, ta tafi da madigadi. Allah ya tsare. Da na duba daga baya, shekararta tara. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar FRSC shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar ƙira, kuma tsofaffin tayoyi na cikin kayan da kwastam suka hana shigo da su, duk da cika kasuwa da suka yi. Kai ma duba na ƙarƙashin motarka yau, ba mamaki su ne na asali.

Shawarar makanike ita ce mai daɗin ji, ita ce kuma mai cin kuɗi. Gaskiya ne a rim 16 lambobin sun fi girma. 225/75 R16C mai 116 na ɗaukar kilo 1,250, mai 118 kilo 1,320, mai 121 har 1,450. Motar za ta ɗagu da kusan santimita 3, abin so ne a hanyar ƙauye. Sai dai tsayin tayar milimita 744 ne, kashi 9 cikin ɗari sama da na yanzu. Agogo zai nuna 100 kana kan 109, tashi daga tsaye zai yi nauyi, kulochi ne zai biya bashin a yashi. Rim biyar za ka saya har da na safaya. Ga kuma tarkon da ya kama mutane da yawa a Ƙofar Ruwa: Ducato iri biyu ce. Ƙaramar tazarar ramukan notinta 5x118 ce, babbar da ake kira Maxi 5x130. Duka noti biyar ne, a ido kamar ɗaya, amma rim ɗin Maxi ba ya shiga taka. Akwai rim 16 mai 5x118, shi za a nema, kuma na Peugeot Boxer da Citroën Jumper na irin ƙirar suna yi, don uwa ɗaya ta haife su a masana'anta ɗaya a Italiya, kamar yadda J5 ɗin da muka sani take 'yar'uwar Ducato ta farko. Kada ka yarda wani ya ce zai buɗa ramukan da inji.

Abin da makanike bai faɗa maka ba shi ne, Maxi tana ɗaukar kilo 2,400 a baya ne don birkinta da boris da sifirin duk sun fi naka, ba don taya kaɗai ba. Ka sa tayar da ke ɗaukar 2,900, farantin nan na bonet yana nan yana cewa 2,000. A Turai masu ƙara wa ƙaramar nauyi sukan kai bayanta 2,240, da balan-balan ɗin iska a kan sifirin, da taya mai 112, da takardar injiniya da sabon faranti. Ƙarin ganyen sifirin da ake yi a garejinmu yana hana mota durƙusawa ne kawai, bai ƙara wa birki komai ba.

Idan ni ne, 225/70 R15C 112/110 sabuwa zan sa, guda biyar, kamfani ɗaya, kwanan wata na bana ko bara. Amma ba don in kai 2,240 ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce a bar wa taya rarar kashi 10 cikin ɗari, kuma kashi 90 na 2,240 shi ne 2,016. Ka ga 112 ba ta ba ka izinin ƙarin lodi ba, ta dai sa 2,000 ɗin da kake da ita ta zama ta kwanciyar hankali a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 kwalta na tururi. CP zan zaɓa ne kawai idan motar tana shafe watanni a ajiye kuma ƙaninka zai turo sababbi, har da safaya. Rim 16 sai idan sikeli ya nuna kana cikin iyaka amma ƙasan motar na yawan taɓa ƙasa.

Hattara da wata ta huɗu da ba ka ambata ba, don za a nuna maka ita. Akwai 225/70 R15 ta jif, mai manyan haƙora, ba C a jikinta, lambarta 100. Kilo 800 ke nan, biyu 1,600, ƙasa sosai da 2,000 ɗin da aka tsayar wa ƙafar baya. Girman ɗaya ne, ta fi kyau a ido, ta fi araha.

Maganar iska kuma, 1,120 ɗin nan sai a iskar da aka rubuta a gefen tayar, wadda a wannan girman geji 65 ce. Mai faci ya saba da 45 ko 50 na bas, idan ya tsaya nan tayar ba 112 ba ce kuma, gefenta zai yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya rabu. Sayi gejinka, ka auna da sassafe kafin mota ta motsa. Idan ka tsaya a Kazaure da rana ka ga iska ta hau, haka take yi, kada ka bari a rage.

Tankin ruwan a sa shi tsakanin ƙafafu, gaban tayar baya, batiran ma haka, a ƙasa. Babur ɗin shi ne nake shakka. Turo mini lambobin sikelin guda biyu da hoton farantin, sai mu ga ko zai hau ko kuwa yaro ya biyo ka da shi.