Hawan Mambilla a Kaka: Wace Mota, Wace Taya, Wane Tanti?

Da zarar mutum ya ƙudurta hawan Mambilla da mota don ya kwana a fili, tambayar da yake fara yi ita ce, "Hilux ko Prado?" Ni kuwa sai in ce ya gaya mini ranar tafiyar tukuna, domin kakar Kano daban, ta Gembu, babban garin Mambilla, daban. A Kano Oktoba na kamawa ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, ana jiran dawa. A kan tsaunin Mambilla na jihar Taraba kuwa, mai tsayin wajen mita 1,600, damina takan ja har ƙarshen Oktoba, wata shekarar ma ta leƙa Nuwamba. Wanda ya tafi farkon Oktoba da taɓo zai yi ta kokawa. Wanda ya haƙura zuwa tsakiyar Nuwamba zai tarar hanya ta fara shan iska, ciyawa tana nan kore shar, hazon hunturu kuma bai rufe duwatsun ba. Makonni shidan nan su ke yanke irin tayar da za ka saya da irin tantin da za ka ɗauka.

Sai kuma inda ka nufa. Daga Jalingo ana bi ta Bali zuwa Serti, daga Mayo Selbe hawan ya fara, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har Maisamari, Nguroje, sannan Gembu. Wannan babbar hanya ce, ƙananan motocin haya ma kullum suna hawanta. In Gembu kawai za ka, ka kwana a masauki, ka leƙa gonar shayi ta Kakara ka dawo, kada ka wahalar da aljihunka. Maganar mota mai ja da taya huɗu tana tasowa ne idan za ka sauka daga kwalta: dajin Ngel Nyaki, ƙauyukan da ke kan iyakar Kamaru, ko cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi girma a Nijeriya. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wuri mafi tsayi a ƙasar. Shi kam ba motar da za ta kai ka ƙoƙuwarsa, da ƙafa ake ƙarasawa.

Ba kowace jif ce jif ba

A nan mutane suka fi yin asara. RAV4, CR-V, Highlander da Lexus RX duk jif muke ce musu, wasunsu ma suna ja da taya huɗu. Amma ba su da giyar ƙarfi, wadda direbobi ke kira ogzilari, wato 4L a jikin giyar. Ita ce ke sa mota ta riƙa hawa a hankali kamar mai rarrafe ba tare da ta ƙona kuloci ba, ita ce kuma ke riƙe ta a gangara mai santsi ba sai an danne birki ba. Motar da ba ta da ita, komai ƙyalƙyalinta, ta tsaya a kwalta da burji mai kyau.

Tsakanin masu ogzilarin kuwa, Hilux ce zaɓina, kuma ba don ta fi daɗin zama ba. Bayanta a buɗe yake, jarkoki da tukunyar gas da shebur mai laka duk a can za su zauna, ba cikin inda mutane ke numfashi ba. Tankinta yana cin kusan lita 80. Bakaniken da ba ka taɓa gani ba a Serti ko Nguroje ya san cikinta da wajenta. Aibinta biyu ne. In bayan babu kaya tana da tsalle, tana kuma saurin zamewa a jar laka. Sannan yawancinsu taya biyu na baya ke ja sai ka sa 4H da kanka, wato giyar da ke sa taya huɗun duka su ja, kuma ba a barin ta a 4H a busasshiyar kwalta, domin tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke wuri guda, a kwana sai ƙarafan su riƙa murɗe juna har wani abu ya karye.

Prado ba ta da wannan matsalar, kullum da taya huɗu take ja, kuma in akwai iyali ko dattijo mai ciwon baya a tafiyar, ita ce rahama. Sai dai mutum biyar da kayan kwana huɗu suna cika ta maƙil, daga nan a fara ɗaure kaya a saman rufi, wanda shi ne abin da ba a so a hanya mai karkata. Land Cruiser samfurin 70, irin ta ma'aikatan agaji, ta fi su duka jure wuya, amma tsadarta da wahalar zamanta ba na mai yawon mako guda ba ne. Pajero tana aiki sosai, kuma 'yar hannu takan fi araha, illa kayan gyaranta ba sa samuwa a ko'ina kamar na Toyota.

Fetur ko dizal? Injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa masa iska, yana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 1,000, saboda iskar sama ba ta da kauri. Hilux mai injin fetur na lita 2.7 da aka loda za ka ji tana nishi a hawan Mayo Selbe, amma za ta hau. Dizal na zamani, da yake mai tabo ne, bai cika jin wannan ba, sai dai ba ya yafe gurɓataccen mai, kuma wanda ya ratse daga babbar hanya wata rana sai ya sayi mai a jarka wurin 'yan bumburutu. Don haka ni fetur nake ɗauka, in cika tanki da jarka biyu tun daga gidan mai na gari.

In kuwa wannan ce tafiyarka ta farko, shawarata ma kada ka sayi komai. Ka ɗauki shatar mota da direbanta ɗan yankin. Shi ya san wane rafi ne ake shiga, wane ne ake jira ya janye. Littafin Hilux ta zamani ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, amma littafin bai san ƙarfin gudun ruwan kogin Mayo Kam bayan an kwana ana ruwa a kan dutse ba.

Kuɗin ya tafi taya

Da a ba ni sabuwar Prado mai tayar kwalta, gara tsohuwar Hilux mai taya ta ƙwarai. A gefen taya za ka ga an rubuta H/T, A/T ko M/T. Ta farko ta kwalta ce, da ta taka laka zanenta ya cike, ta koma sumul kamar sabulu. M/T mai manyan haƙora ita ce sarauniyar taɓo, amma tana da ƙugi a kwalta, tana ƙara shan mai, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta birkinta bai kai na sauran ba. Ka tuna yawancin tafiyar, daga gidanka har Serti, a kwalta za ka yi ta. Mai tafiyar Nuwamba A/T, wadda ke tsakanin biyun, ta ishe shi. Mai taurin kan da ya ce lallai sai farkon Oktoba, shi ne ya kamata ya biya kuɗin M/T.

Tayar gwanjo fa? Ka duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan raɗau, robarta ta bushe, dutse mai kaifi ɗaya zai yaga gefenta, kuma yagewar gefe ba ta facuwa. Na taɓa sayen irin wannan guda biyu don in rage kuɗi, ɗaya ta fashe tun kafin mu ga dutsen, muka wuni a bakin hanya muna cin gyaɗa. Safaya ta zama girmansu ɗaya da sauran. Ka haɗa da famfon iska mai aiki da batirin mota, domin a laka da duwatsu rage iska daga 32 zuwa wajen 24 a ma'aunin iskar taya yana sa taya ta kama ƙasa, amma dole a mayar kafin a hau kwalta. Shebur, igiyar jan mota mai faɗi, da guntun katako mai kauri na ɗora jak, waɗannan ba a musu a kansu. Injin janye mota na gaban bamba kuwa, in kuna tafiya da mota biyu, kuɗinsa ya zauna a aljihu.

Wurin kwana

Tantin saman mota ya shiga ran matasa saboda hotuna. Yana da amfaninsa: ka yi nesa da laima da ƙwari, buɗe shi kuma ba ya ɗaukar lokaci. Amma nauyinsa yakan wuce kilo 50, a can ƙololuwar mota, kuma duk sanda za a je ɗebo ruwa sai an naɗe shi. Tantin ƙasa mai rufi biyu ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ka nemi wanda aka rubuta 3,000mm a jikinsa, ma'aunin jure ruwansa ke nan, ka shimfiɗa tamfol a ƙarƙashi. Mai rufi ɗaya, ko ba a yi ruwa ba, raɓa da tururin numfashinka za su jiƙa ka kafin asuba.

Sanyin dare a can sama ba na wasa ba ne, kuma daga ƙasa yake shigar mutum, saboda haka katifar soso ko ta iska ta fi ƙarin bargo na uku amfani. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko cikin mota. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce. Girki a waje, da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, domin itacen kaka a can jiƙaƙƙe ne. Wake zai ɓata maka gas, don a wannan tsayin ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 95, bai kai zafin na gida ba. Taliya, garin kwaki, kilishi da shayi sun fi dacewa.

Gidan sauro da riga mai dogon hannu na ƙasan dutse ne, wajen Serti da Gashaka, inda sauro da ƙudan tsando suke. Cikin gandun daji ba a shiga sai da izinin hukumarsa da rakiyar ma'aikacinta, kuma a bakinsu za ka ji halin tsaron hanya na wannan makon. A kan tsaunin kuma duk filin da ka gani shar da ciyawa yana da mai shi, yawanci makiyayar shanun wani ce. Ka isa da sauran rana, ka nemi jauro ko mai unguwa, ka kai gaisuwa da goro, ya nuna maka inda za ka kafa tanti. Ka roƙi tudu mai 'yar kariyar bishiyoyin turare, ba kwarin da ke bakin rafi ba, domin can sanyi ke kwanciya da dare, can kuma ruwa ke bi in an yi shi a sama.