Tsakuwar ƙoda: a bi ta hanyar fitsari, a farfasa daga waje, ko a huda baya?

Girman tsakuwa da wurin da ta tsaya su ke nuna aikin da ya dace, don haka kafin a yi maganar kuɗi a fara ɗaukar hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka. Wadda ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta, da shan ruwa da maganin ciwo.

In ta maƙale a bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, an fi karkata ga aikin da ake kira URS. Babu yanka. Bayan allurar barci ko ta kashe rabin jiki, likita zai zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanyar fitsari, ta ratsa mafitsara har ta kai ga tsakuwar, ya farfasa ta da hasken leza, ya kwaso ɓarɓashin da ɗan kwandon waya. Irin mai lanƙwasawa tana shiga har cikin ƙoda, ta ci tsakuwa mai kusan santimita 2. Ana sallamar mutum a ranar ko washegari.

Sai dai akan bar wata 'yar roba, JJ, a cikin bututun don kada kumburi ya toshe shi. Tana sa yawan fitsari, ɗan jini, da suka a kwiɓi. Galibi ana cire ta cikin mako 1 zuwa 2. Wanda ya ji sauƙi ya manta da ita watanni, tsakuwa za ta lulluɓe ta, fitar da ita ya zama wani babban aiki. Ka tambaya tun farko: kuɗin cirewa yana cikin lissafi?

ESWL kuwa daga waje take farfasawa da bugun sauti. Ta fi sauƙi a jiki, amma tsakuwa mai tauri ko wadda ta kwanta a ƙasan ƙoda takan gagare ta, har a maimaita. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini.

Wadda ta haura santimita 2 sai PCNL: a huda baya a shiga ƙoda kai tsaye. Ta fi kwashewa tas, amma haɗarin zubar jini ya fi, da kwanaki a gadon asibiti.

Ko wanne aka zaɓa, kada a taɓa tsakuwa sai an yi gwajin ƙwayoyin cuta a fitsari an kashe su, domin yayin aiki suna iya shiga jini. Zazzaɓi da rawar ɗari bayan an koma gida, a dawo asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.