Hannu ɗaya ko biyu a kan sitiyari: wanne ya fi tsare rai a hanyoyinmu?

Wani ɗan'uwa daga wajen Ringim, wanda bai daɗe da fara jan mota ba, ya kawo tambaya. Ya ce wanda ya koya masa tuƙi ya hana shi sakin sitiyari, amma direbobin tasha da suka shekara da shekaru a hanya kusan duk da hannu ɗaya suke tuƙi, ɗayan yana kan taga ko kan giya, har suna cewa riƙo da hannu biyu na 'yan koyo ne. To wanne ya fi?

Malam, hannu biyu ya fi, kuma tazarar da yawa. Sai dai direbobin nan ba ƙarya suke yi ba idan suka ce hannu ɗaya yana kai su gida. A kan kwalta mai kyau, hanya miƙe, babu rami babu dabba, hannu ɗaya da hannu biyu duk ɗaya ne, domin gaban mota mai lafiya da kansa yake neman miƙewa. Har yatsa biyu ma sun isa. Ana gane bambancin ne a cikin daƙiƙar da wani abu ya faru, kuma hanyoyinmu, daga Gezawa zuwa Gujungu har Gumel, ko daga Dambatta zuwa Kazaure, ba su rasa irin wannan daƙiƙa.

Mu fara da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, mai gudun 100 kuma kusan mita 28. Faɗin hannunka a kan titi, wato layin da kake bi, bai kai mita 4 ba, ƙaramar mota kuma ta cinye kusan mita 2 daga ciki, saura kamar mita ɗaya a kowane gefe. Idan kan motar ya karkace da digiri 3 kacal a gudun 80, cikin daƙiƙa ɗaya ta goce fiye da mita ɗaya, wato ko dai ta sauka daga kwalta, ko ta shiga hannun mai zuwa. Mai hannu biyu a kan sitiyari gyara kawai zai yi. Mai hannu ɗaya kuwa sai ya fara ɗauko ɗayan daga taga ko daga cinya, ya laluɓo inda zai kama, sannan ya soma gyaran, alhali motar ba ta jira shi ba.

Fashewar taya ita ce babbar jarrabawa, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe. Tayoyin Beljiyam da suka kwana biyu, zafin kwalta a watan Afrilu da Mayu, iska ba daidai ba, ga obalodi na buhunan hatsi ranar kasuwa: duk sanadin fashewa a wuri ɗaya. In tayar gaba ta fashe, motar za ta fizga zuwa ɓangaren da ta fashe, sitiyarin ya nemi ƙwacewa. In ta baya ce, gindin motar ne zai riƙa wutsil-wutsil. Abin da ake so a duka biyun shi ne ka damƙe sitiyari ka tsayar da shi a miƙe, kada ka taɓa birki, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu da kanta, sai ta sauko sosai sannan ka taka birki sannu-sannu ka gangara gefe. Da hannu biyu wannan mai yiwuwa ne, domin hannayen suna tare wa juna: na dama yana ja, na hagu yana hana shi zarcewa. Da hannu ɗaya babu mai tare wa wani. Sitiyari ya fizge ka, ka fizge shi da ƙarfin firgita, ka zarce, motar ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ka sake fizgowa. Fizga ta biyu ko ta uku ita ce ke wuntsilar da mota, musamman mai tsayi irin Homa ko Sharon da aka ɗora wa kaya a sama. Sau da yawa idan aka ce “mota ta ƙwace masa”, hannun ne bai isa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san abin da ke faruwa in ta ci karo da kututture alhali hannu ɗaya ne a kanta.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. In hannayenka suna gefe da gefe, ba sai ka duba ba ka san inda tayoyin gaba suka dosa: da zarar hannayen sun daidaita, tayoyin sun miƙe. Mai murza sitiyari da tafin hannu ɗaya, in mota ta fara santsi, yakan rasa inda tsakiya take.

Kusa da fashewar taya akwai gefen kwalta da ruwa ya zaizaye. A yawancin hanyoyin karkara bakin titi ya zama gaɓa, wani wuri zurfinsa ya kai faɗin tafin hannu ko fiye. Tirela ta matso ka, tayoyin dama suka faɗa ƙasa. Mai hannu ɗaya yakan ja da ƙarfi don ya hau kwalta nan take. Tayar ta ɗan turje a jikin gaɓar, sannan ta hau gaba ɗaya, motar ta yi tsalle zuwa hannun masu zuwa, sai taho-mu-gama. Mai hannu biyu zai iya barin tayoyin a ƙasa, ya riƙe motar a miƙe, ya rage gudu zuwa 30 ko 40, ya duba madubi, sannan ya hau da ɗan juyi kaɗan ya mayar da sitiyari tsakiya da zarar tayar gaba ta hau. Aiki ne na awo, kuma hannu ɗaya bai iya awo a cikin firgici.

A burji da yashi ma haka ne, ko da gudun bai kai na kwalta ba. Hanyoyin ƙauyukan Jigawa da rairayi ya yi wa yawa, da sawun amalanke da na babbar mota da ya bushe bayan damina, duk suna jan taya su bi da ita inda suke so. Sitiyari yana harbi a irin wannan wuri. Ka riƙe da hannu biyu, amma manyan yatsunka su kwanta a kan da'irar, kada ka zura su ciki, domin in taya ta bugi dutse ko saiwa sitiyarin zai juya da ƙarfin da zai iya targaɗa yatsa. Kada kuma ka ƙanƙame shi kamar za ka karya. Ka bar shi ya ɗan yi wasa a hannunka, kai dai kada ya kufce.

To ina ake ɗora hannayen? Ka ɗauki sitiyari a matsayin fuskar agogo. Hagu a ƙarfe 9, dama a ƙarfe 3. A da ana koyar da 10 da 2, amma tun da jakar iska, wadda ke kumbura ta tare direba lokacin karo, ta shigo tsakiyar sitiyari aka sauko da hannu ƙasa, kuma 9 da 3 ne hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, take ba da shawara. Jakar nan tana buɗewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa. Mai hannu ɗaya a ƙarfe 12 ya gitta damtsensa a kan murfinta, in ta tashi za ta watsa masa hannun a fuska, ga karayar hannu ga ta hanci. Wanda ya zura hannu ta ciki ya kama sitiyari ta ƙasa lokacin shan kwana, shi ma wuyan hannunsa yana cikin haɗari. Gaskiya ne motocin haya da yawa an cire musu jakar ko ta taɓa fashewa ba a mayar ba, amma kada ka yi wa motarka wannan zato sai makaniki ya tabbatar maka.

Daga 9 da 3 za ka iya juya sitiyari kusan rabin zagaye ta kowane ɓangare ba ka saki ba, kuma wannan ya isa kauce wa akuya, jaki, ko mai babur da ya faɗo titi babu duba. In kwana ta yi tsanani, sai ka riƙa miƙa wa juna: za ka yi dama, hannun dama ya ja ƙasa, na hagu ya zame ya karɓa ya tura sama, kowane hannu yana zaune a ɓangarensa. Bayan kwana ka mayar da sitiyarin da hannunka, kada ka sake shi ya zarya da kansa.

Zama ma yana cikin maganar. Ka jingina bayanka, ka miƙa hannu: in wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar kujera ba, zaman ya yi. Tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari a samu aƙalla santimita 25. Ka ɗaura bel, domin direban da bai ɗaura ba, in mota ta yi wurgi da shi, sitiyarin yake kamawa don ya tsira da zamansa, ya ja shi inda bai yi niyya ba.

Yanzu mu ba hannu ɗaya haƙƙinsa. Akwai wuraren da dole ne. Mai mota mai kuloci sai ya saki don canja giya. Haka kunna abin share gilashi, ko fitila, a wasu motocin. A ribas ma hannu ɗaya ya fi: hagu a ƙarfe 12, dama a bayan kujerar fasinja, ka juya ka ga bayanka da idonka, musamman a ƙofar gida inda yara ke wasa. Gudun a nan na tafiyar ƙafa ne, babu abin da zai ƙwace. Direban tarakta da ke kula da garma a baya, shi ma hannu ɗaya yake aiki da shi a gona. Mai lalurar hannu kuma yana iya tuƙa mota mai canja giya da kanta, da ƙulli na musamman da ake ɗaurawa a sitiyari. Duk waɗannan ko dai na ɗan lokaci ne, ko a ƙaramin gudu, ko da kayan da aka tanada don haka.

Game da giya, a lura da wani abu. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu, giya tana dama. Ke nan duk lokacin da ka kai hannu giya, hagu ka bar wa motar, wanda ga yawancin mutane shi ne mara ƙarfi. Don haka ka gama canja giya kafin ka shiga kwana ko gargada, ba a tsakiyarsu ba, kuma hannun ya koma wurinsa nan take. Barin sa a kan sandar giya ba ya ƙara komai, sai ma nauyinsa da ke danna kayan cikin giyabos yana cinye su a hankali.

Hujjar gajiya ita ce mafi ƙarfi a wurin masu hannu ɗaya, kuma ba a raina ta. Wanda ya taso daga Kano zuwa Haɗeja ya juyo a rana ɗaya, kafaɗunsa za su gaya masa. Amma yawanci kujera ce ta yi nisa, ko riƙon ya yi tsauri. A hanya miƙaƙƙiya kana iya sauko da hannayen zuwa 8 da 4, gwiwar hannu ta huta kusa da jiki. In hakan bai wadatar ba, jikin ne yake neman hutu, sai a tsaya a sha ruwa a miƙe ƙafa. Direban da hannunsa ya zame zuwa ƙasan sitiyari, kansa ya jingina da ƙofa, sau da yawa gyangyaɗi ne ke tafe.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda hannun da aka sauke yake zuwa. Da wuya ya zauna haka nan. Waya ce, ko rake, ko ledar ruwa, ko karɓar kuɗin mota daga baya. Waya a hannu laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, suke kamawa a kai, kuma ta fi sauran muni domin tana ɗauke hannu da ido da hankali gaba ɗaya: daƙiƙa biyu na kallon waya a gudun 80, mita 44 ke nan ka tafi a makance. Gaisuwa kuwa ba ma cewa a daina, mutumin ƙauye ba ya wuce dattawa a gindin bishiya bai ɗaga hannu ba. A rage gudu tukuna, a ɗaga, a mayar. Mai babbar riga ya naɗe hannayenta a kafaɗa kafin ya tayar da mota, mai dogon hijabi ita ma ta gyara shi yadda ba zai harɗe mata hannu ba.

Sai kuma abin da muke gani ranar kasuwar Maigatari ta Alhamis ko ta Wudil ta Juma'a: Golf da mutum biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da na uku a gefen direba. An matse direba a jikin ƙofa, kafaɗarsa a waje, yana tsallake ƙafar fasinja kafin ya kai ga giya. Wannan ko ya so riƙewa da hannu biyu ba shi da wurin juya gwiwar hannu. Kuɗin mutum ɗaya bai kai a sayar da ikon sarrafa motar da ke ɗauke da sauran ba, kuma fasinja ma yana da damar ya ce ba zai shiga ba.

Wani zai ce motarsa mai fawa ce, sitiyarin laushi gare shi. Laushin nan aron inji ne. A motocin da fawarsu ke aiki da mai, in inji ya mutu ana cikin tafiya, ko bel ɗin famfon ya tsinke, ko man ya tsiyaye, sitiyarin zai yi nauyi nan take. Motar tana juyuwa har yanzu, amma sai da ƙarfin hannu biyu. Saboda haka kada a kashe inji a gangara don tattalin fetur, birki ma zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu.

In ka ga sai ka riƙa kokawa da sitiyari kafin motar ta tafi a miƙe, ko tana ja gefe ɗaya, ko tana rawa a hannunka idan gudu ya ƙaru, laifin ba na riƙo ba ne. Ka fara da gejin iska da safe kafin tayoyin su yi zafi, ka bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sannan ka tsayar da mota, tayoyi a miƙe, ka girgiza sitiyari hagu da dama. In yana tafiya fiye da faɗin yatsa biyu kafin taya ta motsa, ka kai a duba tayarod da boljoyin, ƙarafan da ke riƙe tayoyin gaba suna juya su, a yi alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyin, bayan an canja su.